Wanda Ya Ji Sauƙi, Ya Halatta Ya Ajiye Magani?



Makonni biyu da suka wuce, bayan an idar da la'asar, wani bawan Allah cikin masu sana'ar goro ya jira sai da jama'a suka ragu, sannan ya matso kusa da liman. Ya ce, "Allah gafarta Malam, tambaya gare ni, amma mai nauyi ce." Ya yarje mana mu kawo labarin a nan, da sharaɗin ba za a ambaci suna ba.

Ƙanwarsa ce, matar aure mai 'ya'ya biyu, ba ta kai shekara talatin ba. Shekara uku da suka wuce ta wayi gari idonta na dama yana ciwo in ta juya shi, gani kuma ya dusashe kamar an shafa wa gilashi mai. Bayan 'yan makonni ganin ya dawo, aka ce alhamdu lillahi. Da aka yi wata takwas sai ƙafafu suka yi nauyi, tana taka ƙasa kamar tana taka auduga. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka kai ta gida Arewa aka dawo da ita. Daga ƙarshe dai aka je babban asibiti, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, likita ya faɗi sunan ciwon, ya ɗora ta a kan magani. Shekara ɗaya da rabi tana lafiya lau, tana girkinta, tana saƙar hulunanta. Sai ta daina zuwa asibiti. Uwar mijinta ta ce mata, "Ke 'yar nan, mutum da lafiyarsa ya yi ta ɗirkar maganin Bature? Ai Allah ya yaye, sai godiya." Wata tara ke nan ba ta koma ba. Yanzu hannunta na hagu ya fara yi mata kamar kiyashi na tafiya a ciki, ludayi na suɓuce mata, kuma kunyar komawa gaban likita take ji.

Tambayar yayan nata kashi biyu ce. Ita tana da laifi wurin Allah da ta bari? Shi kuma fa, da ya yi shiru bai ce komai ba, saboda a ransa ya ji daɗin sauke nauyin kuɗin da yake biya?

Kafin a je ga laifi ko rashinsa, sai an san ciwon, domin hukunci yana bin sanin abu ne. Likitoci suna kiransa maltiful sikilerosis, suna taƙaita shi da MS. Ma'anar sunan ita ce tabo a wurare da yawa. Kowa ya san wayar lantarki da robar da ke lulluɓe da ita. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo a cikin ƙwaƙwalwa da laka da bayan ido su ma suna da irin wannan riga. A jikin mai MS, garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar cuta, sai ta rikice ta koma tana gatsar rigar nan. Inda ta gatsa saƙo ya riƙa tangarɗa, ko ya tsaya cak. In a jijiyar ido ne, gani ya dusashe. In a laka ne, ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙi riƙuwa. In a ƙeya ne, mutum ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Ga wata gajiya da barci ba ya maganinta, wadda a gidajenmu ake fassarawa da lalaci ko son jiki.

Wani likitan Faransa mai suna Sharko ne ya fara bayyana ciwon dalla-dalla a birnin Faris a shekarar 1868. Ƙididdigar da aka fitar a 2020 ta nuna masu shi a duniya sun kai kimanin miliyan 2.8, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma ya fi kamawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, lokacin da mutum yake tsakiyar neman na kansa. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi, shi ya sa aka daɗe ana cewa baƙar fata a Afirka ba ya yinsa. Gaskiya bai yawaita a nan kamar can ba, amma akwai shi, kuma inda na'urar hoton MRI ta yi ƙaranci dole a yi ta kiran ciwo da sunan da ba nasa ba. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwanciyar aure. Kuma daban yake da shanyewar ɓarin jiki irin ta hawan jini, ko da yake wani lokaci suna kama a ido.

Abin da ya sa wannan ciwo ya zama jarrabawa ta musamman shi ne halinsa. A mafi yawan masu shi, kimanin 85 cikin ɗari a farkon lamari, tasowa yake yi ya lafa. Ya zo ya yi kwanaki ko makonni, ya tafi kamar ba a yi ba, ya yi watanni ko shekara bai leƙo ba. To duk abin da aka yi wa mara lafiya a ƙarshen makonnin nan, shi za a ce ya warkar da shi. In hayaƙi aka yi, hayaƙi ne. In ƙaho aka yi, ƙaho ne. Alhali ciwon da kansa ya ja da baya, kamar yadda ya saba.

Ku da kuke harkar goro kun fi kowa gane abin da za mu faɗa. Huhu yana nan a ɗaure, ganye shar, ba wari ba komai. Wane ɗan goro ne zai ce tunda waje lafiya ba sai an kwance an duba ba? Kowa ya san tsutsa daga ciki take aikinta, ranar da alama ta fito waje rabin huhun ya riga ya tafi. Haka likitoci suka gano da suka riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar masu MS a kai a kai: sababbin tabo suna fitowa sau da yawa fiye da yadda mara lafiya ke jin ciwo ya taso. Yana kasuwa yana ciniki, yana dariya, a ciki kuwa ana ɓarna. Ƙwaƙwalwa tana da dabarar zagaye wurin da ya lalace, kamar direban da ya tarar gada ta karye ya bi ta cikin ƙauye. Amma hanyoyin zagayen ƙarewa suke yi. Ranar da suka ƙare, ƙafar da ta saba dawowa ba za ta dawo ba.

Magungunan kuma iri biyu ne, kuma rikita su da juna yana cikin abin da ke sa mutane su bari. Akwai wanda ake bayarwa lokacin da ciwo ya taso, yawanci ta ƙarin ruwa na kwana uku zuwa biyar, don a gaggauta saukarsa. Wannan mutum yana ganin aikinsa da idonsa, saboda haka ba a jayayya a kansa. Sai na biyu, wanda ake ci gaba da amfani da shi lokacin da ake lafiya, don a rage yawan tasowar da sababbin tabo. Wannan na biyun shi ne maraya. In ya yi aiki, ba abin da za a gani. Mai gadin da ya shekara ɓarawo bai shigo ba, shi maigida ke fara tunanin sallama.

Kafin 1993 babu irin wannan magani ko ɗaya. A shekarar ce aka amince da na farko a Amurka, wata allura mai suna intaferon. Ita da sa'o'inta suna rage tasowar ciwon da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Daga baya aka samu masu ƙarfi da ke rage fiye da rabi, aka samu na haɗiya tun daga 2010, aka samu na ƙarin ruwa da ake yi kamar sau biyu a shekara. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS guda uku cikin jerin magungunan da ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. Ɗaya daga cikinsu, rituximab, daman sananne ne a manyan asibitoci saboda ana amfani da shi a wasu cututtukan. Mu faɗi gaskiya kuma: babu ɗaya cikinsu da ke warkar da ciwon, babu wanda ke dawo da jijiyar da ta riga ta mutu, kuma kowanne yana da nasa wahalar. Wani ya sa zazzaɓi da ciwon jiki bayan allura, wani ya raunana garkuwa har sai an riƙa duba jini. Wanda ya gaji da su ba rago ba ne.

To yanzu mu dawo kan tambayar. Uwar mijin nan ba muguwa ba ce. Abin da ta faɗa yana da tushe a zukatanmu duka: Allah ne mai warkarwa, kuma akwai wani abu da ke damun mumini in ya ji an ce zai rayu a kan ƙwaya har ƙarshen ransa, kamar an ɗaura rayuwarsa a jikin kwalba. Malamai ma ba su haɗu a kan cewa kowane magani wajibi ne ba. Masu ganin an yarda a bari sukan kafa hujja da labarin baiwar Allah nan mai farfaɗiya wadda ta zaɓi haƙuri a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wannan magana ce ta ilimi, ba a share ta da hannu ɗaya.

Imam Gazali a cikin Ihya'u ya raba abubuwan da ke kawar da cuta gida uku. Akwai wanda amfaninsa tabbas ne, kamar ruwa ga mai ƙishi, barinsa ba ya cikin tawakkali ko kaɗan. Akwai wanda ake rinjayar da zaton amfaninsa, kamar magungunan likitoci, yin sa bai rushe tawakkali ba. Akwai kuma wanda tsammani ne kawai. Maganin MS a gida na biyu yake: an jarraba shi a kan dubban mutane, an ga amfaninsa da lissafi, amma ba wanda zai rantse maka cewa kai ɗin nan ba za ka sake kwanciya ba. Abin lura shi ne mu sau da yawa juya lamarin muke yi. Mu bar na gida na biyu da sunan dogaro ga Allah, mu kwashi kuɗi mu kai wa na gida na uku, mai lasifika a bakin tasha da kwalba ɗaya mai maganin cuta arba'in. Wanda ya yi haka bai bar sababi ba ai, canza shi ya yi da mai rauni.

Malaman wannan zamani sun ƙara tantance maganar. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa hukuncin neman magani yana canzawa da halin mara lafiya, kuma yana zama wajibi in barinsa zai kai ga halaka, ko asarar wata gaɓa, ko nakasa. Mai MS da likita ya ce ciwonsa yana kan aiki, me yake fuskanta in ba asarar ido da ƙafa ba? Mu dai a nan ba mu yanke wa wani mutum guda hukuncin zunubi, domin wanda bai sani ba da wanda ba shi da hali ba ɗaya suke da wanda ya sani kuma yake da iko ba. Amma inda ma'auni ya karkata a fili yake.

Masu fataucin shanu za su ji daɗin misalin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi. Yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta faɗa can. Ya yi shawara, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya nuna masa kamar gudun ƙaddara ake yi. Sai Umar ya kawo masa misalin makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora dabbobinsa cikin ƙaddarar Allah yake. Mai shan magani da mai barinsa duk ba wanda ya fita daga ƙaddara. Bambancin shi ne ɗaya ya kora garkensa inda ciyawa take.

Akwai wani gefe na maganar da ya fi tsaya mana a rai, wanda ba mu cika jin ana faɗa ba. Idan matar nan ta ce jikina ne, na ji sauƙi, na bari, wa ta yanke wa hukunci? Ita ta yau ba abin da ya same ta, ta ma huta da layin asibiti. Wadda za ta biya ita ce ita ɗin nan bayan shekara goma, mai shekara talatin da wani abu, wadda 'yarta za ta kai munzalin aure, wadda za ta so ta taka da ƙafarta ta raka ta ɗakin miji. Wannan matar ba ta wurin da aka yi shawara, ba a ji ta bakinta ba. A kasuwa in mutum ya ci bashi da sunan wanda ba ya nan, mun san sunan da muke kiransa da shi. Jiki amana ne, haka muke ji a kan mumbari kullum, amma mukan ɗauka amanar ta tsaya ga kada a sha giya, kada a kashe kai. Har da riƙe wa gobe abin da yake nata. Ga kuma yara biyu da ba su da wata uwar.

Ba muna cewa a tilasta wa baligi mai hankali ba. Shi ke shan allurar, shi ke kwana da zazzaɓinta, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai ma lokacin da likita da kansa zai ce a dakata ko a canza, misali in shekaru sun ja kuma ciwon ya daɗe bai motsa ba, ko in illar maganin ta fi amfaninsa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a bari a ɓoye, ba shawara, don kawai an ji sauƙi. A wannan ciwon yin haka yana da haɗari na daban: akwai magunguna, irin su fingolimod da natalizumab, waɗanda in aka yanke su kwatsam ciwon kan iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Ko barin ma akwai yadda ake yinsa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce rabin tambayar yayan. Nan kam sai mu sassauta murya. Magungunan nan suna da tsada ƙwarai, daga waje ake shigo da su, kuma kowa ya san abin da ya sami Naira tun 2023. Hoton MRI kaɗai kan cinye ribar watanni ga ƙaramin ɗan kasuwa. Mutumin da ya tsaya tsakanin kuɗin allurar ƙanwarsa da kuɗin haya da abincin 'ya'yansa, wallahi ba mai iya yi masa wa'azi daga nesa. Allah bai ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa ba. Laifin da muke gani a wurinsa, kuma shi ma ya gani tunda ya zo da kansa, shi ne shirun. Da ya ce ba zan iya ni kaɗai ba, da likita ya san halin da ake ciki, wataƙila ya duba wani maganin da ya fi sauƙin kuɗi ko wanda ba a yawan maimaitawa. Da mijin da sauran dangi sun san rabonsu. Da mu ma mun sani. Mu da muke haɗa kuɗi cikin awa biyu in an yi rasuwa za a kai gawa gida, me ya hana mu yi wa mai rai? Mara lafiyar da ba shi da halin magani yana cikin mabuƙatan da zakka ta halatta gare su. Zakkar attajiran Sabo da Shasha kaɗai, in an tsara ta, ta isa ta riƙe mutum nawa?

Mu duba namu hannun a wani wurin kuma. Zaman baƙunta yana da nasa tarko. Matanmu da yawa suna shiga ɗakin likita ba Turanci ba Yarabanci, su fito da takarda ba su san ko maganin na wata ɗaya ne ko na shekaru ba. Wata ta ɗauka in kwalin ya ƙare an gama ke nan. Ɗalibanmu da ke karatun lafiya da matasan da suka iya harsunan nan, raka irin waɗannan mata asibiti sadaka ce babba. Sannan ga al'adarmu ta mayar da mara lafiya gida da zarar ciwo ya yi tsanani. Ba laifi, gaban uwa daban ne. Amma a tafi da wasiƙar likita da faifan hoton da sunan maganin a rubuce. Akwai asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kamar yadda muke da UCH a nan kusa da mu. In an je hannu rabbana, komai daga farko za a sake, kuɗi biyu. Wasu alluran kuma sanyi suke so, ba a jefa su cikin jaka a bayan tirela daga nan har Gusau.

Wani abin da ke korar mutane shi ne sunan likitan. Da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai dangi su tsorata, kada a ce 'yarsu ta taɓu, ƙannenta su rasa mijin aure. Likitan jijiyoyi daban, likitan taɓin hankali daban, kuma ko da ɗaya ne ba abin kunya ba ne. Zuwa wurin ƙwararren yana da wani muhimmanci kuma: akwai wani ciwo mai kama da MS, shi ma yana kama ido da laka, ya fi yawa a baƙar fata in aka kwatanta da Turawa, kuma wasu magungunan MS ƙara tsananta shi suke yi. Saboda haka kada wanda ya karanta wannan takarda ya ga alamunsa sun yi kama ya nufi kemis. Haka kuma kafin a ɗora mutum a kan irin su rituximab sai an gwada shi ciwon hanta nau'in B, wanda kun san yana da yawa a cikinmu.

Ga iyayenmu mata, akwai magana ta musamman. Mai MS tana aure, tana haihuwa, tana shayarwa. Ciwon ma kan lafa a lokacin goyon ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe, sai dai yakan so tasowa a watanni ukun farko bayan haihuwa. Wasu magungunan suna cutar da ɗan tayi, wasu kuma an san ba su da wannan matsalar. Abin da ake so shi ne mace ta gaya wa likita tana son ƙarin haihuwa tun kafin cikin ya shiga, a tsara mata. Yawanci abin da ke faruwa shi ne ta ga wata ya wuce, ta tsorata, ta zubar da ƙwayoyin ba ta gaya wa kowa ba. Sannan zafi yana tayar da tsofaffin alamun ciwon na ɗan lokaci, har a da likitoci kan sa mutum cikin ruwan zafi don su gwada ko yana da shi. To ku auna wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma ga irin wannan mace. Hajiya, a sassauta mata ruwan. Ƙafa na iya saki a banɗaki.

Wannan maganar zafi tana da amfani ga kowa. Ranar da rana ta buɗe a watan Maris, ko zazzaɓin cizon sauro ya kama, ko ciwon mafitsara, mai MS kan ji tsohon ciwonsa ya dawo. Sai ya ce maganin ba ya aiki, ya watsar. Sau da yawa ba sabon tabo ba ne, tsohon ne zafi ya taɓa, in jiki ya huce ya koma. Likita ne zai bambance. Masu shan taba kuma su sani tana gaggauta lalacewar.

Ruƙiyya da addu'a fa? A yi, a ƙara. Ba mu taɓa jin likitan da ya ce a daina karanta wa mara lafiya Alƙur'ani ba. Amma mun sha jin mai ba da taimako da ya ce sai an ajiye na asibiti nasa zai ci. Duk wanda ya kafa maka wannan sharaɗi, ka tambaye shi ko zai ɗauki nauyin turin keken in ƙafa ta tafi.

Saura kunya, wadda ita ce ta tsare matar nan a gida yau. Tana ganin likita zai yi mata faɗa a gaban mutane, ya ce ina kika shiga. Wataƙila ya yi ɗan faɗan, mutum ne. Amma barin magani a ciwo mai daɗewa abu ne da likitoci ke gani kullum, a kowace ƙasa, ga masu ilimi da marasa shi. Watanni taran da suka wuce ba za su dawo ba, sai dai jijiyoyin da ba a taɓa ba har yanzu sun fi waɗanda aka taɓa yawa, kuma su ake komawa a tsare. Haka shi ma wanda aka rubuta masa magani tun bara bai fara ba, yana jira sai ciwon ya sake tasowa ya tabbatar: binciken likitoci ya nuna wanda ya fara da wuri ya fi wanda ya jinkirta tsira daga nakasa. In za a koma a faɗi gaskiya duka, yaushe aka daina, me ya sa, me aka sha a tsakani, har na gargajiya. Kada kuma a ɗauko ragowar tsohon kwali a ci gaba da kai, domin wasu magungunan in an daɗe da bari sai an sake gwaje-gwaje, wani ma sai a gaban ma'aikatan lafiya ake shan ƙwayar farko saboda bugun zuciya.

Liman bai ba mutumin nan doguwar amsa ba. Ya ce masa, "Malam, abin da ya wuce ka nemi gafara, kai da ita. Ranar asibitin yaushe ce?" Ya ce Talata. Aka samu wata ɗalibar aikin jinya cikin 'ya'yan unguwa da za ta raka ta, liman kuma ya ce shi da kansa zai je ya gaishe da uwar mijin, don kada a yi abin a bayan idonta ta ji an raina ta. Kuɗin sabon hoton ne bai cika ba har yanzu. Wanda Allah ya hore masa, ko yake da irin wannan mara lafiya a gida yana ɓoyewa, ya samu ma'ajin masallaci bayan an sallame, ba za a kira sunan kowa a lasifika ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.